Ɗabaƙoƙin Masu Naɗa Magajin Klopp

A ranar Juma'a, 26 ga Janairu 2024, tun mutane ba su gama shirin tafiya masallaci ba, labari ya taso daga birnin Liverpool na ƙasar Ingila cewa Jürgen Klopp, Bajamushen nan mai gemu da yawan dariya, wanda ya karɓi ragamar ƙungiyar ƙwallon Liverpool a watan Oktoba na 2015, ya ciwo mata Kofin Zakarun Turai a 2019, sa'an nan a 2020 ya kawo mata kofin gasar Ingila bayan ta shekara 30 tana dakonsa, ya ce idan kakar wasa ta ƙare zai ajiye aiki, ba don an kore shi ba, ba kuwa don wata husuma ta shiga tsakaninsa da masu kulob ba, illa iyaka ya ji ƙarfinsa ya fara gazawa. Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne a lokacin nan Liverpool ce bisa kan teburin gasar, ga shi kuma ba a yi sanarwar magajinsa ba sai 20 ga Mayu, wato aka bar jama'a kusan wata huɗu da kujerar da mai ita yake kai, amma kowa ya san ta zama ta gado.

Waɗanda haƙƙin zaɓen yake wuyansu, wato masu kulob ɗin da ke zaune a Boston ta Amurka, da Michael Edwards da suka komo da shi a watan Maris, da Richard Hughes da suka ɗauko daga Bournemouth, sun kama bakinsu. Amma a nan ƙasarmu, inda babu unguwar da ba ta da gidan kallon ƙwallo, babu kuma teburin mai shayin da ba a raba kofin Turai a kansa ba, sai kowace majalisa ta koma tamkar zauren masu zaɓen sarki, kowa da ɗan sarkin da yake so a naɗa, alhali babu wanda aka aiko wa da goron gayyata. Duk wanda Allah ya hore wa haƙurin zama ya saurara zai tarar mutanen nan jinsi-jinsi ne, kuma da jinsunan nan ake cin karo duk lokacin da wani babban koci ya sauka.

Wanda ya fara bayyana shi ne mai makoki. Ranar nan bai taɓa shayinsa ba har ya huce, ya yi tagumi, in an yi masa magana sai ya girgiza kai ya ce, "Ku bari kawai, ƙwallo ta ƙare." Hujjarsa guda ce, ba ya kuwa gajiya da maimaita ta: a watan Mayu na 2013 Alex Ferguson ya bar Manchester United bayan shekara 26 da kofin gasa 13, aka ɗauko David Moyes daga Everton aka ba shi kwantiragin shekara 6, bai cika ko guda ba aka sallame shi, tun daga ranar kuma gidan bai sake ganin kofin gasar ba. Saboda haka, a ƙiyasinsa, abin da ya ci United shi zai ci Liverpool. Abokin jayayyarsa wani dattijo ne da ya fara bin ƙwallon Ingila tun zamanin da sai dai a kasa kunne ga rediyo ran Asabar, shi kuma ya ce ƙiyasin ɓatacce ne, domin a 1974 Bill Shankly ya ajiye wannan kujera ɗin ba zato, aka ɗora mataimakinsa Bob Paisley wanda shi kansa bai so ba, cikin shekara 9 ya tara kofin gasa 6 da na Turai 3. Duka riwayoyin biyu sun inganta, kuma kowannensu ya san ta ɗan'uwansa sarai, sai dai kowa ya zaɓi wadda ta dace da halittarsa ya riƙe, suka yi ta wanke wa juna kai da ita har watan Mayu.

Amma shugaban ɗabaƙoƙin nan duka, wanda in babu shi majalisa ba ta ci sunanta ba, shi ne marawaici. Ba ya shigowa da sallama mai ƙarfi. Sai ya zauna a gefen benci, ya ciro waya ya duba, ya yi murmushi shi kaɗai, ya mayar aljihu, ya jira har wani ya kasa daurewa ya ce, "Malam, da labari ne?" sa'an nan ya waiwaya dama da hagu kamar mai tsoron kada masu kulob su jiyo shi daga Boston, ya sassauta murya ya ce, "An gama magana. Kada dai ku ce ni na faɗa." In ka nemi isnadi, yana da shi a shirye: ya ji daga ƙanin matarsa, shi kuma daga wani abokinsa mai tuƙa tasi a Landan, shi kuma daga wani fasinja da ya ɗauka wanda ga dukkan alamu babba ne a harkar. Da a ce malaman da suke tantance maruwaita za su duba wannan silsila, da ba su wuce mutum na biyu ba za su rufe littafi, balle in an tuna tsakanin Landan da Liverpool tafiyar fiye da awa 2 ce a jirgin ƙasa. In kuwa ya ga an matsa masa, sai ya jingina maganar ga Fabrizio Romano, ɗan jaridar nan na Italiya da masu bin cinikin 'yan wasa suke ɗaukar zancensa yankan wuƙa, bawan Allah da aka ɗora wa maganganu a majalisun Kano da Kaduna waɗanda ko a mafarki bai furta ba.

Ranar darajar marawaici ita ce ranar da aka ji, cikin watan Afrilu, Ruben Amorim, kocin Sporting ta Lisbon wanda ake ta alaƙanta shi da kujerar, ya hau jirgi ya sauka Landan. Ranar nan har shayi aka saya masa da ƙwai biyu. Ba a jima ba jaridu suka ce ai mutanen West Ham ya je gani, shi kuma Amorim ya koma gida ya fito fili ya nemi afuwar magoya bayan Sporting a kan tafiyar. Kada mai karatu ya zaci wannan ya rage wa marawaici ƙima. Ya dai gyara zama ya ce dama ya san da haka, abin da ya hana shi faɗa amana ce aka ba shi.

Akwai kuma jama'ar Xabi Alonso, su ne mafi yawa, su ne kuma suka fi ba ni tausayi, gama hujjarsu ta fi ta kowa ƙarfi. Su masu duba nasaba ne. Alonso ɗan gida ne, ya buga wa Liverpool daga 2004 zuwa 2009, kuma shi ne a daren Istanbul na 2005, bayan AC Milan ta zura uku kafin hutun rabin lokaci, ya buga fenaritin da gola Dida ya tare, ya bi ta ya cusa a raga aka koma uku da uku. Ga shi a lokacin yana jan Bayer Leverkusen babu wanda ya iya kayar da ita, har a watan Fabrairu ta lallasa Bayern Munich da uku ba ko ɗaya. Ga nasaba, ga cancanta, ga ƙuruciya, me ya rage in ba mubaya'a ba? Da ya fito a ƙarshen Maris ya ce shi yana nan Leverkusen, sai suka shiga tawili: wasu suka ce dabara ce don kada hankalin yaransa ya rabu, wasu suka ce ai Bature ba ya cewa e a karon farko, shi kuwa mutumin gaskiyarsa ya faɗa, ya zauna ya ci kofin gasar Jamus ba a doke shi ko sau ɗaya ba, ya yanke wa Bayern shekara 11 da ta yi tana ɗauka a jere.

Shi kuwa mai marfin kwalba bai damu da suna ko nasaba ba, shi tsari yake bi. Da zarar an fara musu sai ya ture kofuna gefe, ya tattaro marafan lemo goma sha ɗaya daga ƙarƙashin tebur, ya ajiye ɗaya a matsayin gola, ya jera uku a baya, huɗu a tsakiya, uku a gaba, ya ɗauki gwangwanin madara ya ce wannan shi ne abokin hamayya, sa'an nan ya shiga sharhin yadda Amorim yake tsare gida da mutum uku, da yadda Roberto De Zerbi na Brighton yake sa 'yan bayansa su taka ƙwallo su tsaya har abokin gaba ya fusata ya taso, a bi ta bayansa. Yana cikin tura marfi guda gaba da ɗan yatsa, yana cewa "ka ga nan Trent zai shigo ciki," wato ɗan bayan Liverpool, sai mai shayi ya miƙo hannu ya ɗauke abokin hamayya domin wani ya ce a ƙara masa madara, darasi ya watse. A gaskiya yana da sani, kuma rabin abin da yake faɗa daidai ne. Aibinsa dai ba a taɓa jin ya kai ƙarshen bayani ba.

Kada a manta da maƙwabci mai zuwa jaje. Wannan magoyin bayan United ne, wanda har yanzu ciwon bakwai da babu da Liverpool ta yi musu a filinta na Anfield a watan Maris na 2023 bai sake shi ba, ya shigo da fuskar alhini, ya dafa kafaɗar mai makoki ya ce, "Sai haƙuri, ɗan'uwa, mu ma mun ga irinta," alhali in ka lura da gefen bakinsa za ka ga yana rawa. Shawararsa kullum ta alheri ce a zahiri: me zai hana a ɗauko Steven Gerrard daga Saudiyya, ai ɗan gida ne, ko da yake Aston Villa ta sallame shi a 2022, ko kuwa José Mourinho, da yake Roma ta sake shi a wannan watan na Janairu, yana zaune ba aiki. Na Arsenal ya fi shi tsoron Allah kaɗan, shi gargaɗi yake yi, cewa a 2018 da Arsène Wenger ya sauka bayan shekara 22 kowa ya rantse Mikel Arteta ne, aka wayi gari da Unai Emery. Na Chelsea kuwa duk abin mamaki yake ba shi, don shi a iya saninsa koci ba ya daɗewa har a saba da shi: an kori Thomas Tuchel a Satumba na 2022, an kori Graham Potter a Afrilu na 2023, bai ga wanda ya fasa cin tuwo ba.

Akwai wani Alhaji mai shago a kusa, wanda bai san Alonso ba bai san Amorim ba, tambayarsa ɗaya ce duk sa'ad da ya ratso: "Yaron nan na Masar mai yin sujada in ya ci, yana nan?" In an ce masa Salah yana nan, sai ya ce to madalla, ya wuce. Mai shayi kuma ya goyi bayan kowane ɗan takara gwargwadon wanda yake gabansa da kofi, kuma a iya binciken da na yi shi kaɗai ne ya fita daga wata huɗun nan da riba a hannu.

Sai ga shi a ƙarshen Afrilu an fara ambaton wani Arne Slot, mai sanƙo, kocin Feyenoord ta birnin Rotterdam, wanda ya ci kofin gasar Holan a 2023. Majalisa ta yi tsit, domin gidajen kallonmu ba su saba nuna gasar Holan ba, mai marfin kwalba bai san yadda zai jera masa marafai ba, marawaici kuma direban tasinsa bai taɓa ɗaukar fasinjan da ya ambace shi ba. Ranar 19 ga Mayu, bayan an ci Wolves biyu da babu a wasan bankwana, Klopp da kansa ya karɓi abin magana a tsakiyar fili ya rera sunan Slot, 'yan kallo suka amsa, kashegari kulob ya fitar da sanarwa.

A nan ne jinsi na ƙarshe ya fito, wanda duk tsawon muhawarar ba a ji ɗuriyarsa ba, wato mai "dama na faɗa". Da farko shi kaɗai ne, yana kuma faɗa a hankali, da sharaɗin in abin ya ɓaci zai ce ai cewa ya yi a yi hattara. Amma ranar 27 ga Afrilu 2025, da Liverpool ta ci Tottenham biyar da ɗaya ta ɗauki kofin gasa na 20, ta kamo United a lissafi, a shekarar Slot ta farko, sai aka nemi wanda bai faɗa ba aka rasa; har mai makoki ya ce shi kukan rabuwa ya yi, bai taɓa shakkar magaji ba. Marawaici kuwa tuni ya yi gaba, gama tun a Nuwamba na 2024 United ta ɗauko Amorim bayan ta sallami Erik ten Hag, ya shigo majalisa yana taku ɗai-ɗai, ya zauna, ya dubi jama'a ya ce, "Ban ce muku Ingila zai zo ba? Garin ne kawai direban bai ji da kyau ba."