Maigadin ƙofa ta 3128

Sabar da aka damƙa mini a ofis ba linzami, ba hoto, sai baƙin allo da wani ɗan ɗigo mai ƙyafta ido. Oga ya ce in sabunta manhajojinta kafin la'asar. Na buga apt update, ta yi gum har shayina ya huce.

Na hau bene wurin mai kula da layin sadarwa. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Malam, a gidan nan ba mai leƙa intanet sai ta furoksi. Squid ne, ƙofa 3128." Wato maigadi: kai kana ciki, shi zai fita ya karɓo maka saƙo.

Na dawo na rubuta HTTP_PROXY da manyan baƙaƙe, don girmamawa. Na gwada da curl, ya yi kunnen uwar shegu. Wannan suna dai ba ya karɓarsa sai da ƙananan baƙaƙe, da gangan kuwa, don kada wani ya cusa masa furoksin ƙarya ta hanyar CGI. Na ƙanƙantar da su, ya amsa da 407: maigadi na neman suna da kalmar sirri. Kalmar da aka ba ni kuwa da alamar @ a tsakiyarta, ita ce kuma alamar da ke raba kalmar sirri da sunan saba a adireshi. Curl ya datse ta nan, ya tafi neman wata saba da ba a taɓa ƙera ta ba. Sai da @ ta koma %40 aka buɗe mini.

Murna ta koma ciki da na sa sudo gaban apt. Sudo yana share duk abin da ka gaya wa zamanka kafin ya fara aiki, don haka apt bai san an yi wani maigadi ba. Shi nasa bayanin a /etc/apt/apt.conf.d yake son a ajiye masa, a rubuce, da Acquire::http::Proxy. Haushi ya sa na zuba adireshin a /etc/environment don kowa ya ji. Kowa kuwa ya ji, har ɗan rubutun da ke duba lafiyar manhajarmu a 127.0.0.1. Ya aika tambayarsa wurin Squid, Squid ya laluba aljihunsa bai ga manhajar kowa ba, waya ta hau kururuwa wai komai ya mutu. Da no_proxy na kashe wannan gobarar.

Ana kiran sallah oga ya shigo, ya ja kujera, ya buga ping 8.8.8.8. Shiru.

"Ai ba ta aiki."

"Ranka ya daɗe, ping da ICMP yake tafiya, maigadin nan kuwa saƙon yanar gizo kaɗai yake ɗauka. Duba, apt ya gama."

Ya dubi allon, ya dube ni, ya miƙe yana gyara hula. "To kafin ka tashi, a sa wa ping ɗin ma furoksi."