Burodin Mutum Uku

Mu uku ne a gidanmu da ke Unguwar Rimi, don haka uwargida ta auna fulawa kofi biyu, ta gurza cukun da kuɗinsa ya kusa na kaza. Kwaɓin na tashi aka ɗauke wuta, sai muka koma tukunya da yashi bisa gawayi.

Ashe ƙamshi bai san katanga ba. Maƙwabciyar da ta shekara ba ta leƙo mu ba ta zo aron ashana. Almajirai suka yi sallama. Ƙanin uwargida ya faɗo daga Kawo, wai hanya ce ta biyo da shi.

"Maigida, ai kai ba baƙo ba ne," in ji uwargida, tana miƙo mini ƙanzon.