Kyamarar da Ba Ta Rufa Asiri

A wajen biki, nauyin abin da mai hoto ya rataya a wuya shi ne mutuncinsa. In ya zo da ƙatuwar kyamara mai dogon baki, ga jaka a kafaɗa, ga yaro biye da shi riƙe da fitila, ko waliyyin amarya sai ya matsa masa ya wuce. Tawa kuwa aljihun kaftani take shiga, har a samu sauran wurin goro.

Kada mai karatu ya ɗauka irin 'yan kyamarorin nan ce na da, da alhazai kan sayo wa yara tsaraba. Waɗancan waya ta binne su tuni. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamara sama da miliyan 120 zuwa kasuwannin duniya, a 2023 kuwa abin da suka fitar bai kai miliyan 10 ba. Da masu ƙira suka ga kowa ya koma ɗaukar hoto da waya, sai suka sake dabara: a bar jiki ƙarami, a cusa masa kayan cikin manya. Sony ta fito da RX100 a 2012, Canon ta biyo da G7 X a 2014, Panasonic ma ta shiga sahu. Sirrin yana ga faifan da ke kama haske a ciki. Na irin waɗannan milimita 13.2 ne a tsawo, 8.8 a faɗi, bai fi farcen babban yatsa ba, amma ya ninka na yawancin wayoyin da ke hannun mutane sau da dama. A gabansa kuma an ɗora gilashi mai buɗewa sosai, wanda masu sana'ar ke cewa f/1.8, ma'ana ɗan hasken da ya samu ya ishe shi. Tawa 'yar wannan dangi ce, ta hannu, na saye ta a wani shago a Wuse. Sunanta da kuɗinta na bar wa cikina, saboda uwargida tana karatun jarida.

Wanda bai san Lugbe ba, nan ne garin da kake wucewa a guje in ka baro City Gate za ka filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Titin Umaru Musa 'Yar'aduwa mai layi goma ya ratsa ta gabansa, har baƙon da ke cikin mota zai rantse duk garin kwalta ne. Ya sauka ya hau acaɓa ya nufi cikin Tudun Wada ko Sabon Lugbe a watan Disamba, zai isa inda za shi gira ja, gemu ja. A nan nake zaune, kuma a nan maƙwabcina Alhaji ya tashi aurar da 'yarsa ta fari.

Alhaji ɗan kasuwa ne, ba ya kashe naira sai ya tambaye ta ina za ta. Ya riga ya ji farashin masu hoton cikin gari, ya dawo gida da ciwon kai. Sai Allah ya sa ya ga hotunan yarana da na ɗauka ranar Sallah. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ashe da mai hoto a layin nan muke ta kai kuɗinmu waje?" Washegari sai ga yaro da shadda yadi biyar da kwandon lemo. Uwargida ta dubi shaddar, ta dube ni, ta ce, "Maigida, ka dai yi tunani." Kafin in gama tunanin, tela ya riga ya yanka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka taru ɗaurin aure. Ina tsaye cikin sabuwar shadda na ji ana cigiya: "Ina mai hoto? A nemo mai hoto!" Na matso na ce ga ni. Baffan ango, wani dattijo da ya zo daga Zariya, ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ina kayan aikin?"

Na sa hannu a aljihu na fito da ita.

"To, madalla," in ji shi. "Ka fara rage mana kafin mai hoton ya iso."

Kuma ya iso, ko da yake ba wanda ya gayyace shi. Kun san su, masu yawon nan da ke shinshino biki daga nesa, su ɗauka, su ruga su wanko, su dawo su baza a ƙasa kowa ya fanshi nasa. Kyamararsa tsohuwa ce, na tabbata tawa ta fi ta kaifin hoto, amma baƙa ce ƙatuwa, da igiya mai faɗi. Ni nake tsara mutane, in ce na gaba su durƙusa, na baya su matso, in ƙirga ɗaya, biyu, sai gaba ɗaya su juya su fuskance shi. Duk hoton taro da na ɗauka a ƙofar masallacin nan, kunnuwan jama'a na samu. Kunnuwan dai sun fito tas.

Sai kuma rana. Da tsakar rana a Abuja allon bayan kyamarar ba ka ganin komai a cikinsa sai fuskarka tana gumi. Akwai wata 'yar kafar leƙe da ake cirowa daga sama, amma in kana sanye da tabarau da hula, sai ka zaɓi guda cikin ukun. Da liman ya fara siga, manyan riguna suka yi masa zobe, na tsaya a baya na ce bari in jawo shi kusa. Jawowar irin waɗannan ninki uku ce zuwa huɗu, don haka ta ƙare a kafaɗar mutumin sahu na uku. Akwai masu jawowa nesa sosai a dangin, sai dai gilashinsu ba ya buɗewa kamar wannan, wato abin da ka samu da rana ka biya shi da dare. Ina nan tsaye baki a waje (bakin kyamarar nake nufi) motocin abokan ango suka taso a jere, ƙura ta turnuƙe, kowa ya rufe hanci da hannun riga. Na rufe nawa. Ita ba wanda ya rufe mata.

Batir kuwa, a takarda hoto 200 zuwa 300 irinsa ke ɗauka. Wanda ya rubuta takardar bai taɓa zuwa bikin Hausawa ba, inda duk hoto ɗaya sai mutum goma sun ce "mu gani", kowa ya buɗe fuskarsa ya duba, ya miƙa wa na kusa. Daidai lokacin da ango ya sunkuya gaban surukinsa, Alhaji ya ɗora masa hannu a ka, kyamara ta yi ɗan ƙara, ta janye bakinta a hankali, ta rufe ido. Wani yaro ya ara mini fawa bank. Na jefa shi a aljihun gefe, waya ta biyo ta ƙarƙashin riga ta fito ta hannu ta shiga kyamara. Haka na ƙarasa yinin. Wani tsoho ya tsai da ni da tausayi ya ce, "Sannu, bawan Allah. Daga asibiti ka taso?"

Ranar Asabar ta mata ce. An kafa rumfa ta toshe layi, an jera kujeru, masu kiɗan ƙwarya suna gefe. Ina shiga na ci karo da Gwaggo, yayar Alhaji, wadda ko shi ba ya ɗaga murya a gabanta. Ta ce, "Kai ɗan nan, wasan yara ka zo yi mana?" Na ce, "A'a, Gwaggo, aiki na zo." Ta ce in matsa in ba mutane wuri.

Na matsa, kuma a nan ƙanƙantar ta fara biyana. Kyamarar nan ana iya kashe mata ƙara gaba ɗaya, kuma tana kama fuska da kanta cikin ƙiftawar ido. Tunda ba wanda ya ɗauke ni mai hoto, ba wanda ya gyara zama ko ya ƙirƙiro murmushi. Na samu ƙawayen amarya suna dariya har da riƙe ciki, na samu kakarta tana rawa da sanda, na samu jariri yana barci a bayan uwarsa da naira ɗari liƙe a goshi. Na samu wasu abubuwan ma da ban lura da su ba a lokacin, domin gilashin yana ɗaukar faɗi, kuma abin da ke can gefe ma ba ya barinsa. Filashinta dai ba abin kirki ba ne. Ɗan ƙarami ne da ke ɓullowa daidai inda yatsan hagu ke riƙe, kuma in ya haska, mutum ukun gaba yake sani.

Da aka yi Isha aka zo tafiya da amarya, sai aka ɗauke wuta. Janareta ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ɗakin Hajiya, uwar amarya, ya cika da mata, ba haske sai fitilar caji guda a kan kwaba da tocilan wayoyi. Mai ƙatuwar kyamara, wanda ya biyo mu har nan, ya ɗana filashinsa ya watsa wa ɗakin, kowa ya fito fari fat da jajayen idanu. 'Yan mata suka gwada da waya, hoto ya fito dishi-dishi, duk mai motsi ya zama inuwa. Ni kuwa na tsaya bakin ƙofa da izinin Hajiya, na buɗe gilashi iyakarsa, na jingina da bango, na bar na'urar hana girgiza ta yi aikinta. Amarya ta kifa kai a cinyar uwarta, uwar ta kau da fuska don kada a ga hawayenta, Gwaggo tana yi musu faɗa alhali ita ma idonta ya cika. Duk ya fito: zanen lalle a hannun amarya, zaren lafayarta, hasken fitila a gefen fuskar Hajiya, bayansu kuma ya narke a hankali. Wannan shi ne abin da aka biya kuɗin dominsa, kuma a nan ban ga abin da ya kama ƙafarta ba.

Da safe aka fara aiko yara. Mutanen yanzu sun saba, ana ɗauka ana turawa. Ita kuwa sai ka kunna mata Wi-Fi, ka buɗe manhaja a waya, su nemi juna, su rasa, ka sake. Ƙanen amarya, ɗan jami'a, ya gaji da jira ya ce, "Kawu, kawo memorin kawai." Ya zura a kwamfutarsa, ya kwashe duka, bai tace ba, ya zuba a zauren WhatsApp na dangi, mai mutane daga Lugbe har Zariya har Jidda.

Mata ne suka fara. Wayoyinsu sun saba musu da gyara: su goge ƙurji, su share layin goshi, su ƙara haske. Wannan kuwa megafiksel 20 ne na gaskiya tsantsa. Inda hoda ta tsaya a wuya an gani, inda gumi ya tsaga kwalliya an gani, gashin idon da aka liƙa ya fara ɗagawa ta gefe an gani. Wata ƙawar Hajiya ta aiko mini da saƙo ta bakin uwargida cewa ita tunda take ba a taɓa yi mata baƙin hoto irin wannan ba, kuma ta bar ni da Allah.

Sannan maganar Gwaggo. A wani hoton 'yan mata masu rawa, can kusurwar dama, ga ta zaune, jaka buɗe a cinya, baƙar leda a ciki, hannunta ɗauke da cinyar kaza a kan hanya. Hoto na gaba, wata cinyar. Wani ɗan banza a zauren ya yanko wurin ya faɗaɗa shi, kuma saboda kyawun faifan nan bai dushe ba ko kaɗan, har yajin jikin naman ana gani. Daga ranar in na gaishe ta sai ta amsa wa bango.

Na uku shi ya fi ɗaure kai. Duk hoton da na ɗauka da rana bayan wucewar motocin nan, akwai wani baƙin ɗigo a wuri guda, sama kaɗan da tsakiya. Bakin irin wannan kyamara yana fita yana komawa, kuma duk motsin iska yake zuƙa, ta shigo da abin da ta ɗauko. Ƙwayar ƙura ɗaya ta Tudun Wada ta samu wuri a kan faifai ta zauna. Da rana, in gilashi ya tsuke, sai ta fito sarai. Da dare, in ya buɗe, ba a ganinta. Ni kuma da na tsai da mutane ɗaya-ɗaya a jikin bango, tsayi ɗaya nake ɗaukarsu, don haka ɗigon a goshi ya riƙa sauka. Kowa ya samu tabon salla. Direban ango ya samu, mai kiɗa ya samu, har babban ɗan Alhaji, wanda ladan bai san fuskarsa da Asuba ba, ya fito da nasa baƙi ƙirin. Alhaji ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, "Ikon Allah. Yaron nan ashe a ɗaki yake yi."

Babbar kyamara, cire gilashin ake yi a hure ƙurar a mayar. Wannan gilashinta a haɗe yake da jiki, sai an kwance ta gaba ɗaya. Mai gyara ya juya ta, ya faɗi kuɗi, na karɓi abata na mayar aljihu. Da dare na riƙa bi ina goge ɗigon a kwamfuta hoto bayan hoto, ban da na ɗan Alhaji, wanda ya zo da kansa ya roƙi a bar masa. Hoton ɗakin Hajiya kuma an wanke shi babba, an sa a firam, yana falo. Baƙi in sun tambayi wanda ya ɗauka, sai ta ce wani yaro ne mai ƙatuwar kyamara, ba ta ma san sunansa ba.

Mai son hoton 'ya'yansa da tafiye-tafiyensa, musamman cikin ɗaki ko da magariba, ya saya, za ta fi wayarsa. Ya haɗa da batir biyu na ajiya da 'yar jaka mai zif, kada ya kunna ta a kan acaɓa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma kada ya ba ɗan jami'a memori. In maƙwabci ya aiko da shadda, a mayar masa kafin tela ya gani.