Teku a Bayan Roka, Gawo a Bayan Gida

Na san abin da za ka ce tun kafin ka buɗe baki, Malam. "Zanen teku da hamada? A Bacirawa? Mu da ko kududdufi ba ma gani sai damina ta yi albarka?" To sannu, sarkin musu. Gyara zama, yau da kai nake.

Ka ce wannan aikin Turawa ne, waɗanda suka ƙoshi har suka rasa abin yi, sai su kafa katako a bakin ruwa suna shafe-shafe? Madalla. Tashi mu je Dawanau. Tsaya bayan manyan motocin da ke lodin wake da riɗi, ka ɗaga kai. Ga ruwa shuɗi iya ganinka, ga bishiyar kwakwa ta karkata, ga rana ja wur tana shirin faɗuwa. Wata motar kuma tudun rairayi ne da dabino da raƙuma a jere. Wane Bature ne ya yi wannan? Direba ne ya kai kaya Ikko ya ga ruwan da ba shi da tsallake, wani ya bi ta Damagaram ya dangana da Agadas, suka dawo suka kwatanta wa mai fenti, suka biya shi kuɗinsa. Kai kuwa shekara da shekaru kana binsu a baya a kan babur, kana shaƙar hayaƙi kana kallon zane kyauta, amma yau ka ce ba ka san zancen ba.

Ka ce haramun ne? Ai na san nan za ka fake. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi a kan siffanta masu rai, sannan ya nuna masa cewa in ya zama dole, ga bishiyoyi nan da duk abin da ba shi da rai. To teku da dutse da gajimare da kuka, a wane layi suke? Zakin da ke bayan roka kuwa, da raƙuman nan, wannan tsakanin direba ne da malaminsa, kada ka sa ni a ciki.

Ka ce wa yake da lokacin buroshi, ga waya a aljihu? Ɗauki hoton gonarku da hunturu ka kawo mini. Za mu ga hazo fari fat, da baƙar leda a maƙale jikin kara, da rabin ɗan yatsanka a gefe. Waya ba ta da kunya, duk abin da ta tarar kwashewa take. Mai zane shi ne ke zaɓe: wannan ya shiga, wancan ya tsaya a waje.

Tunda kai ka kawo maganar Turawa, bari in ba ka naka. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus a gaɓar teku, ya ratsa hamada ta Agadas, ya shigo Kano a 1851. Ya hau Dala ya zana birnin yadda ya hango shi. Wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, wanda bai taɓa taka Kano ba, shi ya gyara zanen aka buga a littafin tafiyar da ya fara fitowa a 1857. Har gobe, in ana son a nuna Kanon wancan zamani, wannan hoton ake ɗaukowa. Baƙo ya kwana kaɗan ya tafi da garin a takarda, 'yan gari kuma muna nan muna musu.

Ka ce ai ilimin boko ne ya ba shi? To ga Albert Namatjira, ɗan asalin Ostireliya, baƙar fata, haifaffen 1902 a tsakiyar busasshiyar ƙasarsu. A 1936 ya bi wani mai zane, Rex Battarbee, yana kula masa da raƙuma, a hanya ya koyi aiki da fentin ruwa. Shekara biyu bayan haka aka baje kolin zanensa a Melbourne. Me ya zana? Jajayen duwatsun garinsu da fararen itatuwansu, abin da yake gani tun yana yaro. Mai raƙumi fa, Malam. Kuma ba sai ka ƙetare teku ba: a Zariya ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958 don a riƙa zanen da ya yi kama da ƙasar nan, kuma har yau Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da zane.

Yanzu sai ka fito da babbar sandarka: wai ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, ba tudu ba teku, me za a zana? Haba, ji tsoron Allah! Gawo fa? Itacen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ya yi kore shar, sai rani ya yi, gari ya bushe, shi kuma ya yi ado. Wannan ɗan adawa bai isa a zana shi ba? Kukar da ta tuɓe tsirara da rani fa, da ɗorawa in ta saki jajayen furanninta suna reto? Ka tuna bazara, an jibge taki tsibi-tsibi a gona, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ka tuna kaka, dammunan gero a jere, iyakar gona da gamba da lalle. A nan kusan ba taƙin ƙasar da ba ta da mai ita, ko ina hannun mutum ya taɓa. Na zaune bai ga gari ba, gaskiya ne, amma wanda ya je Ikko ya dawo ya fi kowa sanin launin ƙasar gidansu, domin ya ga wata.

Abin da ke ba ni haushi (da kai da direbobin duka) shi ne, kwakwar Ikko ta samu gurbi a bayan mota, dabinon Azbin ya samu, har kalandar falonka ruwan wata ƙasa ne ke gangarowa daga dutse, amma gawon bayan gidanku ko oho. Ga fulotai suna cin gonakin gefen Kano, inda aka yi gero bara, bana bulo ne.

Saboda haka, Malam, yaron nan naka da ke ɓata maka bango da gawayi, ajiye bulalar. Saya masa takarda da fenti, ka tura shi gona tun kafin mai awon fili ya riga shi. In kuma har yanzu kana da ja, mu haɗu a Dawanau, kai za ka biya shayi.