Takalman Tsohuwa, daga Sokode zuwa Dapaong

Mu a Zongon Sokode, in za mu sayi taya da ƙafa muke fara ciniki. Mutum zai tsaya gaban tulin tayoyin gwanjo, ya zaro ɗaya, ya ɗan shure ta, ya danna gefenta da babban yatsa, ya cusa farce cikin zanenta. In farcen ya nutse sai ka ji ya ce, “Wannan da sauranta.” Shi ke nan an gama bincike, saura maganar kuɗi. Haka muka ga manyanmu suna yi, haka ni ma na yi shekara da shekaru.

Jiya da la'asar motata ce ta tayar da hirar a rumfar mai facin unguwarmu. Renault 4 ce, wadda muke kira Katarel, yaran layi kuma suna ce mata Tsohuwa. Kawuna ya bar mini ita. An fara ƙera irinta a 1961, aka daina a farkon shekarun 1990, bayan an fitar da fiye da miliyan 8. Tawa ba ta ajiya ba ce, kullum tana kan hanya: da safe ta kai yara makaranta, da rana ta ɗauko buhun masara daga kasuwa, sau ɗaya a wata kuma mu kama hanyar Dapaong wajen ƙanwata, kusan kilomita 300, ta Bafilo da Kara da Kante da Mango. Nauyinta bai kai kilo 800 ba. Noti uku ne kacal ke riƙe da kowace ƙafa, rim ɗinta kuma inci 13 ne, siriri.

Ina tsayawa a duba mini iska, sai maƙwabcina direban tasi ya ɗago daga benci. “Malam, wai har yanzu siraran tayoyin nan kamar ƙafar zabuwa? Sa mata 175 mana, ta zauna daram!” Nan da nan mutum uku suka goya masa baya. Mu dai muna son faɗi. A ganinmu taya mai faɗi ita ce mai ƙarfi, ita ce mai kama ƙasa, ita ce ke sa mota ta yi kwarjini.

Mai faci ne ya ajiye guduma ya ce, “Alhaji, takalmin wanka ai ba ya zama naka don ya fi girma.” Ya juyo tayata ya nuna rubutun gefe: 145/80 R13. Lamba ta farko faɗi ne, milimita 145. Ta biyu tsayin gefen taya ne, kashi 80 cikin 100 na faɗin, wato milimita 116 na roba da iska tsakanin rim da ƙasa. Wannan tsayin shi ne katifar Tsohuwa. Shi ke shanye gargada a burjin ƙauyuka, shi ke hana rim lanƙwasa in ka faɗa rami. Ka ɗora 175 kan rim mai faɗin inci 4, tayar za ta tattare, tsakiyarta ta turo, ta riƙa gogar jikin mota in an murɗa sitiyari ko an yi lodi. Sitiyarin Katarel kuwa ƙarfin damtse ne ke juya shi, babu mai taimaka maka. Ga ƙaramin inji, ga taya mai nauyi, sai shan mai ya ƙaru, hawan dutsen Aledjo ya koma da giya biyu. Wasu kuma sukan sauka zuwa 155/70 don ita ta fi samuwa, amma gefenta milimita 108 ne da ɗoriya, motar ta ɗan durƙusa, cikinta ya matso kusa da duwatsu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar farce cikin zane, domin ita ta kusa hallaka ni.

Shekara uku ke nan, cikin watan Afrilu, na sayi gwanjo guda biyu wajen wani mai taya a bakin tasha. Zane har zane, da ƙananan tsage-tsage sirara kamar an bi ta da reza. “Mai haƙori” muke ce wa irinta, kuma ita muke rububi. Na sa su gaba, na lodo doya, muka tashi. Mun wuce gadar Oti a Mango, rana ta take, kwalta tana walƙiya, sai na ji “fat-fat-fat” ƙarƙashin ƙafata ta dama, sitiyari ya fara fizga. Allah ya taimake ni ban taka birki da ƙarfi ba, na bar ta ta rage gudu da kanta har na gangara gefe. Da na sauka, bayan tayar ya saɓule kamar ɓawon rogo, wayoyin ciki sun fito tsirara. Zanen da na yi ta yabo yana kwance can baya kan titi, ko rabi bai ci ba.

A Dapaong wani dattijo mai faci, Bamobe ne amma Hausarsa tas, ya karɓi gawar tayar ya tofa yawu a gefenta ya goge da tsumma. “Ɗana, zo ka karanta.” Bayan haruffan DOT, can ƙarshen layi, cikin wani ɗan da'ira mai tsawo, akwai lamba huɗu: 3809. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Mako na 38 na 2009. Tun daga shekarar 2000 haka ake buga wa taya ranar haihuwarta, wadda ka ga lamba uku gare ta kuwa ta girmi 2000. Sannan ya nuna mini wani ɗan hoto: dutse mai tsini uku, da furen ƙanƙara a cikinsa. Tayar hunturun Turai ce. An haɗa robarta ta yi laushi in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ni kuma na kai ta ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke taɓa 40 a inuwa, balle kan kwalta. A Jamus tun 2010 doka ta wajabta irin wannan taya in hanya ta yi ƙanƙara, masu mota kuma suna cire ta tun zanen bai ƙare ba. Shi ya sa take cika kwantenonin da ke sauka tashar jirgin ruwan Lome, shi ya sa kuma take burge farcenmu. Dattijon ya ƙara da cewa wasu masu lodi kan cusa taya biyu ko uku cikin juna don wuri ya isa, sai bakin tayar da wayoyinta su ji rauni tun ba ta taɓa ƙasarmu ba.

Da na ba da wannan labari jiya, wani ya ce, “To Malam, kowa ne ke da kuɗin sabuwa?” Gaskiyarsa. Kuɗin sabuwa ɗaya kan sayi gwanjo biyu, wani lokaci har da canji, kuma mai iyali ya san inda jaka ɗaya take shiga. Ban ce kowa ya bar gwanjo ba. Na ce a duƙa a karanta. Kamfanin Michelin da kansa cewa ya yi taya in ta shekara biyar a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai goma a sauke ta ko zanenta na nan. A murɗa gefenta a ga ko akwai tsagewa irin ta faso, a leƙa ciki a shafa da tafin hannu ko an yi mata babban faci. Sai dai akwai wata matsala ta masu ƙananan motoci irin tawa. Motocin Turai na yau sun koma rim 15 da 16, saboda haka 145 mai inci 13 da za ka tono cikin tulin gwanjo galibi tsohuwa ce tukuf. Ni dai na yanke wa kaina: gara sabuwar taya 'yar Sin mai sauƙin kuɗi, daidai ma'aunin motata, da mai babban suna wadda ta shekara goma sha biyu. Motar da da ƙyar take wuce 90 ba ta buƙatar tayar tsere. Abin da take buƙata roba mai rai, da lambar lodi da ta isa. Tawa 75 aka rubuta, wato kilo 387 kowace ƙafa, kuma wannan lissafi ya kamata mu tuna ranar da muka ɗora buhu biyar da kwandon zabi bisa rufi.

In kuɗin biyu kawai ke hannu, nan ma al'adarmu ita ce sababbi gaba, tsofaffi baya, tunda gaba ke ja. Masu ƙera taya baya suka ce a sa. Gaba in ta zame kana jinta a hannu, kana iya gyarawa. Baya in ta zame a kwana cikin ruwan Agusta, juya ka za ta yi ka fuskanci inda ka fito. Rim ɗin da ya tsufa ya yi tsatsa kuma a kankare shi a shafa fenti, in irin na da ne marar tudun da ke riƙe bakin taya a sa masa tiyub sabo daidai girmansa, ba wanda aka naɗe ba.

Sai iska. Yaran masu faci hannunsu ya saba da tasi mai ɗaukar mutum bakwai, sai su ɗura wa Katarel kilo uku, ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Littafinta bai kai da ita kilo biyu ba in ba kaya. Da sanyin safiya ake gwadawa, da geji, ba da shuri ba. Wanda ya tsaya a Kara da tsakar rana ya ga iska ta hau ya rage, da daddare tayarsa za ta kwanta, gobe ta yi zafi fiye da jiya. A tuna da safaya ma, ita da ke rataye ƙarƙashin mota tana shan ƙura, ba mai gaishe ta sai ranar wuya.

Ana cikin haka aka kira Magariba, jama'a suka miƙe. Ina alwala na hango direban tasin nan durƙushe gefen motarsa, ya kunna fitilar waya yana goge taya da bakin riga. Ya kira yaron mai faci ya ce ya karanta masa. Yaro ya ce, “Sha huɗu, sha uku.” Ya yi shiru yana ƙirga da yatsu. Sannan ya ɗaga murya: “Maigida, in mun idar ka duba mini sauran ukun.”