Yadda Ake Kwance Notin da Ya Rantse Ba Zai Motsa Ba

Da farko ka shaida wa uwargida cewa aikin na rabin awa ne, kada ma a sauke kokonka daga wuta. Ka ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, domin da la'asar za a buƙaci masu tuna maka.

Motar dai ita ce tsohuwar Marsandin nan mai shan gas da ka kafe a ƙofar gida, wadda masu bin hanyar Kaita daga Ƙofar Sauri suke kwatancen layi da ita. Jamusawa sun ƙera irinta tsakanin 1976 da 1986, kuma injinta sai ya ga bayan mai shi. Wuyan salansa ne kawai yake fitar da hayaƙi, 'yan notuna ne za a kwance. A kan wannan za ka kai wa makanike kuɗinka?

Kafin ka fara zagin notin, ka san asalinsa. Katsina ba garin laima ba ce, ƙarfe yakan daɗe a nan bai yi wata tsatsar kirki ba. Wannan tsatsar guzuri ce daga Turai, inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Motar ta sha gishirin ta ƙoshi, ta ƙara da iskar teku a Kwatano, sannan ta biyo ta Maraɗi ta faɗo Jibiya, tun kafin a hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa a 2017. Ita kuwa tsatsa kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta cike tsakanin haƙoran noti ta ɗaure su tamau. Ga kuma zafin hayaƙi da ke gasa wurin kullum. Wato abokin karawarka ya girmi ɗan farinka.

Sifana mai lamba 13 kake nema, saboda haka 12 da 14 za ka tarar a cikin buhu. Ɗauki 14 ɗin, ai kusan ɗaya ne. Ja biyu za ka yi kusurwoyin notin su cinye, kansa ya koma mulmulalle kamar goriba. Masu sana'ar soket mai kusurwa shida suke sa wa, wanda ke kama noti ta kowane gefe. Amma su ai ba sauri suke yi ba.

A daidai nan majalisa za ta haɗu ba tare da ka gayyace ta ba. Wani zai ce, "Alhaji, Coca-Cola ake zuba masa." Wani ya rantse da man birki, bai gaya maka yana cin fenti ba. Dattijon da ya taɓa tuƙa tifa zai ce a ba shi guduma kawai. Ka saurari kowa, ba wanda zai biya ko sisi idan an yi ɓarna. Gaskiyar maganar ba ta da daɗin ji: ka kankare wurin da burushin waya, ka jiƙa shi da kananzir ko WD-40, ka ɗan bubbuga kan notin don tsatsar ta tsage, ka tafi ka kwana. Da safe ka ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, sannan ka sassauta, gaba kaɗan, baya kaɗan. Na san ba za ka yi ba, tunda ka riga ka ce rabin awa.

Abin da za ka yi shi ne ka aiki yaro ya aro maka bututun ƙarfe, ka zura a hannun sifana, ka yi bisimilla, ka ɗora duk nauyinka. Za ka ji ƙas! Idan notin ya ci gaba da juyawa yana kuka, yi hamdala. Idan kuwa ya yi laushi nan take, sifana ta tafi da kai har ka daki bango da gwiwar hannu, to ƙusar da notin yake kai ce ta karye, gindinta na can cikin inji. Majalisa za ta yi salati ta watse, kowa ya tuna yana da uzuri.

Gasa noti da wuta yana aiki, domin zafi na buɗa shi ya saki. Sai dai wurin da ka yi wa wanka da kananzir ba a kai masa wuta sai ya bushe, kuma kusa da shi akwai robobi da wayoyi. Batun shiga ƙarƙashin mota kuwa, a nan na ajiye raha: jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulo kuma farfashewa yake yi. Ka sa katako mai kauri, ka tokare tayoyi.

Tunda bonet a buɗe yake, zuciya za ta raya maka ka leƙa hita, saboda wahalar da motar ke ba ka da safiyar hunturu. Nemi tsari. Hita ta karye a ciki, sau da yawa sai an sauke kan inji. Ka kwance bututun nozul kuma iska ta shiga, ka wuni kana buga famfon hannu, yaran unguwa suna turi.

Da la'asar sai a nemo mai walda. Zai ɗora sabon noti a kan guntun, ya narka masa ƙarfe a ciki, zafin ya karya tsatsar, ya warware shi yana hira da yaronsa. Idan makanike ya iso ya tambayi wanda ya taɓa wurin, ka ce yara ne. Zai dubi ƙujewar da ke yatsunka ya ce, "Allah ya shirya su, Alhaji."

Ka tanadi kuɗin aiki biyu, na salansa da na ƙusar da yaran suka karya.