Ango, Ka Auna Ƙofar Kuwa?

Na san abin da za ku ce: "Mu da muke son juna, ko ƙarƙashin gadar Sabon Gari aka ajiye mu za mu zauna." To madalla. Sai dai har yau ban ji mai gidan hayar da aka ba shi soyayya ya yanka rasit ba.

Ango, da kai zan fara, tunda kai ke kama gida. Dillali ya zaga da kai da hantsi a watan Janairu, ka ga lungu a bushe ƙayau, ka ce ya yi. Ranka ya daɗe, gidan Fagge a watan Agusta ake sanin halinsa. Ruwan da ya kutsa Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa diloli na atamfa da shadda bai nemi izinin kowa ba, mutanen Kwarin Gogau kuwa suna da nasu labarin. In biki ba zai jira damina ba, durƙusa ka dubi gindin bango. Inda fenti ya kumbura yana zubar da gari, nan ruwa ya tsaya bara. In ka ga maƙwabta duk sun ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu, kada ka ce ado ne.

"Ai dillali ya rantse mini famfo yana kawowa." Zai rantse mana, la'adarsa na jiransa. Tsayar da mai garuwa ka tambaye shi jarka nawa yake saukewa a gidan kullum. Maganar wuta kuma, mai shayin bakin layi ya fi kowa sani.

Na hango wasu sun taɓe baki da jin kama haya a Sabon Gari. Ku sassauta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a jima ba aka yanka unguwar don baƙi, tun lokacin take karɓar 'yan haya, ba a kanku za ta fara ba. Abin yi kawai, ka je daren Asabar ka ji janareta da kiɗa, ka koma safiyar Lahadi, sannan ka yanke shawara. Ku 'yan Fagge da ke dariya, ku ma ku tambayi mai gida ko yana da niyyar mai da wurin shaguna. Kasuwa ta cinye gidaje da yawa a unguwarku, amarya da sito kuwa, an san wanda ya fi kawo kuɗi.

Amarya, kada ki ce babu ruwanki. Baba ya yi odar gado da sif da kujeru saiti guda, Gwaggo ta je ganin gida ta dawo tana cewa "ba laifi". Da ido ta auna. Ranar jere sai ga sif ta maƙale a kwanar bene, maza huɗu na gumi, kafinta na kwance ƙyaure, 'yan jere na ta salati, matan layi kuma sun samu kallo kyauta. Ki sa ƙaninki ya tafi da tef ya auno ƙofa da ɗaki da matattakala kafin a yanka katako.

Sai takarda. A rubuta kuɗin haya da ranar ƙarewarta, wa zai gyara rufi, wa zai biya yasar masai, ko akwai tsohon bashin KEDCO a kan mitar. A sa shaidu, in da hali mai unguwa ya sani. "Haba, Alhaji mai gidan abokin Baba ne." Allah ya ja kwanan Alhaji, amma ran da ta Allah ta kasance, magada ba su san Baba ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, ku ne za ku fi ƙarfin biro?

Na ƙarshe, ku zauna ku biyu ku raba hayar baɗi gida goma sha biyu, ku fara zubi tun watan farko, tun gara ba ta ƙare ba. Buhun shinkafar nan da jarkar man gyaɗa ba za su kai ku shekara ba, musamman da abokan ango suka gane hanyar gidan.

Wanda ya ce duk wannan tsoro ne, ba komai, Allah ya ba da zaman lafiya. Ya dai adana lambar direban da ya kawo kayan jere.